Ƙasar Jamus: Tambayoyi da Amsoshi kan Shimfiɗarta, Tarihinta da Garuruwan da Baƙi Suke Ziyarta

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga ɗalibai da 'yan kasuwa da masu shirin kai ziyara Jamus. An fara da na shimfiɗar ƙasa, sannan na tarihi, kafin a zo kan garuruwa, domin sai da biyun farko ake fahimtar abin da ido zai gani a garuruwan.

A ina Jamus take, kuma mene ne girmanta?

Jamus tana tsakiyar nahiyar Turai, kuma tana da iyaka da ƙasashe tara: Danmak a arewa, Poland da Jamhuriyar Cek a gabas, Ostiriya da Siwizalan a kudu, sai Faransa da Luksambok da Beljiyam da Holan a yamma. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 357,000 ne, wato ba ta kai rabin Nijeriya ba, ba ta kuma kai sulusin Jamhuriyar Nijar ba. Duk da haka mutanenta sun haura miliyan 83, kuma babu ƙasar da ta kai ta yawan jama'a a Tarayyar Turai. Jamusawa suna kiran ƙasarsu Deutschland, sunan da ya samo asali daga wata tsohuwar kalma mai nufin "na jama'a", wadda aka yi amfani da ita wajen bambanta harshen talakawa da Latin, harshen malaman coci.

Yaya shimfiɗar ƙasar take?

Ƙasar tana hawa ne kamar matakala daga arewa zuwa kudu. Arewa fili ne shimfiɗaɗɗe mai tafkuna da gonaki, wanda ya ƙare a gaɓar tekuna biyu, Tekun Arewa da Tekun Baltik. Tsakiya tuddai ne masu dazuzzuka, irin su Harz da dajin Thüringen, kudu maso yamma kuma akwai dajin nan da ake kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji. A can ƙarshen kudu ne ƙasar ta jingina da tsaunukan Alps, inda dutsen Zugspitze, mafi tsawo a ƙasar, ya kai mita 2,962. Kusan sulusin Jamus daji ne.

Wannan gangara ita ce ta sa manyan koguna, wato Rhein da Weser da Elbe da Oder, suke kwarara zuwa arewa. Danube kaɗai ya saɓa, domin ya taso daga Baƙin Daji ya nufi gabas, ya ratsa ƙasashe goma kafin ya faɗa Baƙin Teku. Rhein shi ne jijiyar ƙasar: jiragen dakon kaya suna bin sa dare da rana, kuma a gefensa yankin Ruhr yake, inda kwal da ƙarfe suka gina masana'antun Jamus har zuwa 2018 da aka rufe mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe. Abin lura kuma shi ne, ta gabas da yamma babu wani teku ko dogon tsauni da ya tsare ƙasar, shi ya sa fatake da rundunonin yaƙi suka yi ta ratsa ta, iyakokinta kuma suka yi ta sauyawa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da ziyara?

Daga watan Mayu zuwa Satumba. A lokacin yanayi yana da ɗumi, yini yana da tsawo, har a watan Yuni rana kan kai wajen ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi a Hamburg. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi kan sauka ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa, duhu kuma yakan shiga tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kuma sanyin hunturunmu bai kama ƙafarsa ba, saboda haka rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe wajibi ne. Duk da haka a Disamba ne ake cin kasuwannin Kirsimeti a dandalin garuruwa, waɗanda na Nürnberg da Dresden suka fi suna.

Yaya aka tsara mulkin ƙasar?

Jamus tarayya ce mai jihohi 16, uku daga cikinsu birane ne masu matsayin jiha: Berlin da Hamburg da Bremen. Bavariya ta fi kowace faɗin ƙasa, North Rhine-Westphalia kuma ta fi yawan jama'a da kimanin mutum miliyan 18. Majalisar dokoki ta Bundestag ce take zaɓen shugaban gwamnati, wanda ke riƙe da ragamar mulki, shugaban ƙasa kuwa aikinsa ya fi karkata ga wakiltar ƙasa. Jihohi ne suke kula da makarantu da 'yan sanda, kuma dalilin wannan ƙarfi nasu yana cikin amsar da ta shafi jinkirin haɗewar ƙasar.

Daga ina tarihin Jamusawa ya faro?

Labarin farko da aka rubuta a kansu daga Romawa ya fito, waɗanda suka tarar da ƙabilu masu yawa a gabashin Rhein. A shekara ta 9 Miladiyya wani jagora mai suna Arminius ya haɗa kan wasu ƙabilu suka hallaka rundunoni uku na Rum a dajin Teutoburg, daga bisani Romawa suka haƙura suka riƙe Rhein da Danube a matsayin iyaka. Wannan ne ya sa garuruwa mafi tsufa, kamar Trier da Kolon da Mainz da Augsburg, suke yamma da kudu, domin dukkansu Romawa ne suka kafa su.

Bayan faɗuwar Rum ƙabilar Frank ta yi ƙarfi, har Fafaroma ya naɗa sarkinta Karl Mai Girma, wanda Faransawa suke kira Charlemagne, sarkin sarakuna a shekara ta 800. A Aachen ya fi zama, a can kuma aka binne shi a 814. Jikokinsa sun raba daular a 843, kuma daga kason gabas ne Jamus ta tsiro, musamman bayan naɗin Otto na Ɗaya a 962.

Me ya sa Jamus ta daɗe ba ta zama ƙasa ɗaya ba?

Daular da Otto ya kafa, wadda aka sani da Daular Rum Mai Tsarki, ta daɗe har zuwa 1806, amma sarkin sarakunanta bai taɓa samun cikakken iko irin na sarkin Faransa ba. Zaɓensa ake yi, kuma dokar 1356 ta danƙa zaɓen a hannun manyan sarakuna da limaman coci guda bakwai, waɗanda kowannensu yake da ƙasarsa da sojojinsa da harajinsa. Akwai kuma birane masu cin gashin kansu, ciki har da na ƙawancen fatake na Hansa da Lübeck ta jagoranta, wanda ya mamaye cinikin tekunan arewa.

Addini ya ƙara zurfafa rabuwar. A 1517 Martin Luther ya ƙalubalanci cocin Katolika daga garin Wittenberg, kuma injin buga littattafai da Johannes Gutenberg ya ƙirƙiro a Mainz wajen 1450 ya watsa ra'ayinsa cikin sauri. Fassarar Littafi Mai Tsarki da Luther ya yi ta taimaka wajen daidaita rubutaccen Jamusanci, amma ƙasar ta rabu, arewa da gabas akasari Furotesta, kudu da yamma akasari Katolika. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye sulusin jama'a ko fiye a yankuna da dama, kuma sulhun da aka ƙulla a Münster da Osnabrück ya bar ƙasar da masarautu da birane kusan 300.

A ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar Jamus ga mai ziyara. Kowane ƙaramin sarki ya so ya ga fadarsa da lambunsa da jami'arsa da gidan kiɗansa sun fi na maƙwabcinsa, shi ya sa kyawawan gine-gine suka bazu a ƙananan garuruwa maimakon su taru a birni guda. Har yau birane huɗu ne kaɗai suka haura mutum miliyan ɗaya, wato Berlin da Hamburg da Munich da Kolon, kuma kotun tsarin mulki tana Karlsruhe, babban bankin ƙasa yana Frankfurt, wasu ma'aikatun tarayya kuma suna nan a Bonn.

Yaushe ƙasar ta haɗe, kuma mece ce alaƙarta da Afirka da ƙasar Hausa?

Masarautar Prussia ce ta haɗa ta, ƙarƙashin jagorancin Otto von Bismarck, bayan yaƙi da Danmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Ranar 18 ga Janairu 1871 aka naɗa Wilhelm na Ɗaya sarkin sarakunan Jamus a fadar Versailles. Bismarck ɗin ne ya kira taron Berlin, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idojin mamaye Afirka ba tare da wakilin Afirka ko ɗaya ba. Jamus ta mallaki Togo da Kamaru da Namibiya ta yau, da kuma yankin da ya ƙunshi Tanganyika da Ruwanda da Burundi. Mulkin ya zo da zubar da jini mai yawa, kuma a 2021 gwamnatin Jamus ta amince cewa abin da aka yi wa ƙabilun Herero da Nama na Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne.

Wannan tarihi ya taɓa mu kai tsaye. Sojojin Jamus sun gwabza da Lamido Zubairu na Adamawa a Garwa da Marwa a 1901 da 1902, kuma garuruwa irin su Mubi da Dikwa sun zauna ƙarƙashin Jamus kafin ta rasa ƙasashen da ta mallaka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan yanki ne ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama Lardin Sardauna. Tun kafin mulkin mallaka kuma, Heinrich Barth, ɗan Hamburg da aka sani da Abdulkarim, ya isa Agadas a 1850 da Kano a 1851, ya bi ta Katsina da Sakkwato da Kukawa, ya rubuta bayani mai yawa kan cinikin tufafin rini na Kano. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani saurayi Bahaushe ɗan yankin Damagaram mai suna Dorugu, wanda labaran da ya bayar suna cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da aka buga da boko.

Yaya Jamusawa suke kallon zamanin Hitler?

Bayan shan kaye a 1918 da hauhawar farashi ta 1923 da rashin aikin yi na farkon shekarun 1930, an naɗa Adolf Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933, ya rusa dimokuraɗiyya cikin watanni kaɗan. Ya tayar da Yaƙin Duniya na Biyu da mamaye Poland ranar 1 ga Satumba 1939, kuma gwamnatinsa ta kashe Yahudawa kimanin miliyan shida, tare da ɗimbin 'yan ƙabilar Sinti da Roma da naƙasassu da fursunonin yaƙi. Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu 1945.

Ƙasar ba ta ɓoye wannan tarihi. An mayar da sansanonin gwale-gwale na Dachau kusa da Munich da Buchenwald kusa da Weimar wuraren tunawa, kuma mai tafiya a titi zai riƙa ganin ƙananan faranta na tagulla a daɓe, a ƙofar gidajen da aka kwashe mutane, ɗauke da sunayensu. Baƙo ya sani cewa gaisuwar 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitler, da nuna alamominsu da musanta kisan kiyashin laifuffuka ne da doka take hukuntawa, kuma ba a ɗaukar su wasa ko daga ɗan yawon buɗe ido.

Me ya kawo katangar Berlin, kuma yaya aka yi ta faɗi?

Bayan yaƙi Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyat sun raba ƙasar gida huɗu, suka raba Berlin ita ma. A 1949 yankuna uku na yamma suka zama Tarayyar Jamus mai hedikwata a Bonn, yankin Sobiyat kuma ya zama Jamus ta Gabas mai bin tsarin gurguzu. Ganin yadda jama'a suke tururuwa zuwa yamma, hukumomin gabas suka fara gina katanga ranar 13 ga Agusta 1961, wadda ta zagaye Berlin ta Yamma na tsawon kimanin kilomita 155, kuma aƙalla mutum 140 sun rasa rayukansu a dalilinta.

Zanga-zangar lumana ce ta karya ta, musamman wadda ake yi duk ranar Litinin a Leipzig, inda kimanin mutum 70,000 suka fito ranar 9 ga Oktoba 1989. An buɗe katangar daren 9 ga Nuwamba, ƙasar kuma ta sake haɗewa ranar 3 ga Oktoba 1990 a zamanin shugaban gwamnati Helmut Kohl. Majalisa da gwamnati sun koma Berlin a 1999.

Me ya kamata a gani a Berlin?

Berlin birni ne na tarihin ƙarni na ashirin, kuma wanda ya karanta amsoshi biyu da suka gabata zai fi amfana da shi. A tsakiyarsa Ƙofar Brandenburg take, wadda aka kammala a 1791, kusa da ita kuma ginin majalisa na Reichstag mai ƙubbar gilashi da ake hawa kyauta idan an yi rajista tun da wuri, da dandalin tunawa da Yahudawa mai ginshiƙan kankare 2,711. Saura mafi tsawo na katangar, kimanin kilomita 1.3 da masu zane suka ƙawata, yana gefen kogin Spree. Tsibirin gidajen tarihi yana da gidaje biyar, kuma daura da shi Humboldt Forum yake, inda ake nuna kayan tarihin Afirka. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan tagulla na Benin fiye da 1,000 da suke gidajen tarihinta. Potsdam, mai fadar Sanssouci ta Sarki Friedrich Mai Girma, tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Ina ake samun fadoji da tsofaffin garuruwa irin waɗanda ake gani a hotuna?

Yawancinsu a Bavariya suke. Fadar Neuschwanstein da ke kan dutse kusa da Füssen ita ce ta fi suna, ko da yake ba ta da tsufan da kamanninta suke nunawa, domin Sarki Ludwig na Biyu ne ya fara gina ta a 1869, ya kuma rasu a 1886 ba a kammala ta ba. Daga Füssen akwai hanyar 'yan yawon buɗe ido da ta miƙe har Würzburg, wadda ta bi ta Rothenburg ob der Tauber, garin da ganuwarsa da ƙofofinsa suke tsaye har ana iya hawa a zagaya. Wanda ya san abin da ya rage na badalar Kano zai tsaya ya yi tunani a wannan wuri, ganin yadda ƙaramin gari ya riƙe tasa har ta zama abin da yake ciyar da mutanensa.

Bamberg da Regensburg, mai gadar dutse ta ƙarni na 12 a kan Danube, sun fi Rothenburg natsuwa. Munich kuwa babban birnin jihar ne, mai dandalin Marienplatz da gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum. Bikinta na Oktoberfest, wanda ya faro a 1810, bikin shan giya ne da ke cika gari daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma masauki yakan yi tsada ƙwarai a lokacin.

Waɗanne garuruwa ne a gefen Rhein?

Kolon ce babbarsu, kuma majami'arta mai hasumiya biyu masu tsawon mita 157 tana tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa. An aza harsashinta a 1248, aikin ya tsaya na ɗaruruwan shekaru, ba a kammala ba sai 1880. Bonn, mahaifar mai tsara kiɗa Beethoven, ita ce mazaunin tashar DW da masu sauraron sashen Hausa suka sani. Tsakanin Koblenz da Bingen kogin ya ratsa wani kwari mai kimanin kilomita 65, mai gonakin inabi a kan gangara da tsofaffin gidajen sarauta kusan 40, waɗanda da yawansu an gina su ne domin karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake. Idan aka ɗan yi nesa da Rhein, Trier tana da baƙar ƙofar Romawa ta Porta Nigra, Aachen tana da kabarin Karl Mai Girma, Heidelberg kuma, a bakin kogin Neckar, tana da jami'a mafi tsufa a ƙasar, wadda aka kafa a 1386.

Arewa da gabas fa?

Hamburg ce babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar, kuma unguwar tsofaffin rumbunanta na jan bulo, Speicherstadt, inda aka riƙa ajiye gahawa da shayi da kayan yaji da darduma, ta cancanci yini guda. Lübeck tana kusa, da ƙofarta ta Holstentor. A gabas akwai Dresden a bakin Elbe, mai fadar Zwinger, da Weimar, ƙaramin garin da marubuta Goethe da Schiller suka zauna, wanda kuma a cikinsa aka rubuta tsarin mulkin 1919.

Shin tsofaffin gine-ginen nan na asali ne?

Wasu na asali ne, da yawa kuma sake gina su aka yi, domin ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa tsakiyar kusan dukkan manyan birane. Majami'ar Frauenkirche ta Dresden ta rushe a Fabrairu 1945, ta zauna tarin duwatsu duk tsawon zamanin Jamus ta Gabas, sai a 2005 aka kammala sake gina ta, kuma da gangan aka saka tsofaffin duwatsun da suka yi baƙi a tsakanin sababbi masu haske, yadda mai kallo zai iya bambance su. Jerin gidajen katako na dandalin Römerberg a Frankfurt ma sake ginawa ne. Mai son ganin garin da yaƙin bai yi wa babbar ɓarna ba ya nufi Bamberg ko Regensburg ko Heidelberg ko Quedlinburg, ko da yake fadar Heidelberg kango ce tun da sojojin Faransa suka rusa ta a 1689 da 1693.

Musulmi zai samu masallaci da abincin halal?

Zai samu a kowane babban gari. Musulmin Jamus sun haura miliyan biyar, kaso mafi girma a cikinsu masu asali da Turkiyya, sakamakon yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961. Babban masallacin Kolon da aka buɗe a 2018 yana unguwar Ehrenfeld, a Berlin kuma akwai masallacin Şehitlik, amma yawancin masallatai suna cikin gine-gine na yau da kullum da ba a gane su daga waje, saboda haka yana da kyau a nemi adireshi kafin a fita. Naman alade ya yawaita a abincin gargajiya, musamman a tsiran da ake kira Wurst, don haka a tambaya kafin a saya, ko a nufi shagunan Turkawa da Larabawa. Mai azumi kuma ya duba abin da aka faɗa kan tsawon yini a amsar da ta shafi lokacin ziyara.

Idan mako ɗaya kawai mutum yake da shi, yaya zai tsara tafiyarsa?

Shawarata ita ce ya zaɓi babban birni ɗaya da ƙananan garuruwa biyu ko uku na kusa da shi, saboda dalilin da aka bayyana a amsar da ta shafi jinkirin haɗewar ƙasar. Wanda ya sauka a Frankfurt zai iya zuwa Heidelberg da Mainz, sannan ya nufi Kolon ta layin dogo da ke bin gaɓar kogi ta Koblenz, wanda ya fi layin sauri na awa ɗaya jinkiri amma ya ratsa kwarin da aka ambata. Daga Munich ana isa Füssen cikin kimanin awa biyu, daga Berlin kuma Hamburg ba ta kai awa biyu ba, Munich kuwa kimanin awa huɗu ce a jirgin ƙasa mai sauri na ICE. Tikitin da aka saya tun da wuri ya fi araha, kuma ya kamata a bar isasshen lokaci a tashar da za a sauya jirgi. Bizar ziyara ta Schengen, wadda Jamus da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai suke amfani da ita, tana ba da damar zama har kwana 90 a cikin kwana 180. Kantuna kuma a rufe suke ranar Lahadi, in ban da na manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, don haka a yi cefane tun ranar Asabar.